Me ya sa Mario na waya ba ya tsayawa, kuma me ya sa tsallena ke makara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni tun ina yaro nake buga Mario da Sonic da hannun gem, ni ke kai su gaba da baya yadda na ga dama. Da na sauke Super Mario Run a waya sai na tarar mutumin da kansa yake gudu, nawa kawai in dangwala ya yi tsalle. Haka ma Geometry Dash. Tambayata biyu ce. Shin wannan ba raina wa mutane hankali ba ne, a rage wasa ya koma maɓalli ɗaya? Na biyu, sau da yawa zan iya rantsuwa na taɓa a kan lokaci, amma sai ya faɗa rami. Laifin wasan ne, ko na wayata, ko na yatsana? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin ɗan'uwa, na gode da addu'a. Idan na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko ƙwace maka ikon tafiyar da ɗan wasan lalaci ne daga masu ƙira, sannan kana son a nuna maka mai laifi idan ka dangwala aka ƙi yin tsalle. A wurina tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, domin dukansu suna komawa ga yadda gilashin waya yake karɓar yatsa. Na yi 'yan shekaru ina haɗa ƙananan wasannin waya, wasu don koyar da ɗalibai, wasu don nishaɗin kaina, kuma yawancin abin da zan gaya maka na koye shi ne ta hanyar ɓata aiki in dawo in gyara.

A kan gilashi yatsa makaho ne

Ɗauki hannun gem ɗin da ka saba da shi ka rufe ido. Babban yatsanka na hagu ya san inda dama take da inda hagu take, saboda yana jin tudun robar a ƙarƙashinsa. Na dama kuma yana kwance a kan maɓallin tsalle tun kafin a buƙace shi. Kwanciya daban, dannawa daban. Za ka iya ɗora yatsa ka yi minti guda ba abin da ya faru sai ka matsa, kana matsawa kuma ka ji ɗan ƙas ɗin nan da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa saƙo ya tafi. Duk wannan idonka yana kan talabijin, ko sau ɗaya bai sauko ya duba hannunka ba.

Gilashin waya ya kwashe duk wannan. Sumul yake, babu tudu babu kwari, yatsa bai san inda yake ba sai ido ya gaya masa. Ba a kwanciya a kansa, domin taɓawa ita ce dannawa, dole ka rataye yatsa a iska yana jiran lokaci, kuma saukowar da zai yi ita ma tana cin nata lokacin. Sannan yatsan da kake wasa da shi shi ne dai ke kare maka filin da kake kallo.

Bayan Apple ya buɗe App Store a 2008, kamfanoni da dama sun kwaso tsofaffin wasanninsu na tsalle-tsalle suka zana maɓallai a kan sikirin, kibiyar hagu da ta dama a wannan kusurwa, da'irar tsalle a waccan. Duk wanda ya gwada ya san ƙarshen labarin. Ana tsakiyar gumurzu yatsa ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan har ya bar kan kibiyar ba ka sani ba, ɗan wasa ya tsaya cak a gaban dodo kamar an dasa shi. Ka duba ƙasa don ka gyara yatsa, kafin ka ɗago an cinye ka.

Abin da masu ƙira suka gano shi ne, gilashi ya ƙware wajen faɗin lokacin da aka taɓa shi, amma idan ido yana wani wuri, mutum ba ya iya saita wurin da zai taɓa. To sai suka yi abin da mai hankali ke yi da jakin da ba ya son wata hanya: suka bi da shi ta wadda yake so. Aka mayar da sikirin gaba ɗayansa maɓalli guda, ko ina ka taɓa daidai ne. Gudu, wanda shi ne ke buƙatar sanin hagu da dama, aka miƙa wa na'ura. Aka bar maka lokaci.

Wanda aka fi danganta farfaɗo da wannan salo gare shi shi ne Canabalt, wanda Adam Saltsman ya haɗa a 2009, da farko don a buga a kwamfuta ta intanet, sannan ya shigo iPhone a shekarar. Mutum ne cikin kwat yana gudu a kan rufin benaye, gudunsa yana ƙaruwa, kai kuma tsalle kaɗai gare ka. Amma akwai wayo a ciki: akwatunan da aka zuba a hanya idan ka yi tuntuɓe da su suna rage maka gudu, don haka gwani yakan bugi akwati da gangan idan ya ga gudun ya fi ƙarfin idonsa. Ka ga da maɓalli ɗaya an ba ka birki ba tare da an zana birki ba. Daga nan abin ya yaɗu: Temple Run da Jetpack Joyride a 2011, Subway Surfers daga Denmak a 2012, Geometry Dash na Robert Topala ɗan Suwidin a 2013, Alto's Adventure a 2015. Har ɗan dinaso ɗin nan na Chrome da ke fitowa idan data ta ƙare, wanda aka saka a 2014, ɗan gidan ne.

Sai dai gidan ɗaki biyu ne, kuma mutane suna haɗa su. Akwai gudu marar ƙarshe, inda na'ura ke jera hanya yadda ta ga dama har sai ka mutu, irin su Subway Surfers. Akwai kuma wanda mutum ya zauna ya tsara kowane mataki da hannunsa, yana da farko yana da ƙarshe, kowane rami da dalilin da ya sa aka haƙa shi a nan. Super Mario Run da Rayman Jungle Run da Geometry Dash suna wannan ɗaki na biyu, kuma su ne magadan Marion da ka taso da shi. A kansu zan fi tsayawa.

Abin da yatsa ɗaya zai iya faɗa

Ka ce an rage wasa ya koma maɓalli ɗaya. Gaskiya ne maɓallin ɗaya ne, amma ƙirga abin da yake faɗa a Super Mario Run. Dangwalawa a gurguje ƙaramin tsalle ce. Ka danne ka riƙe, tsallen ya yi sama sosai. Ka sake taɓawa yana iska, ya yi juyi ya ɗan ƙara nisa. Ka taɓa yana manne da bango, ya doki bangon ya juyo baya, wanda ke nufin akwai hanyar komawa hagu ga wanda ya iya. Ka taɓa daidai lokacin da yake haure maƙiyi, ya taka kansa ya yi sama. Taɓawar iri ɗaya ce, inda Mario yake ne ke canja ma'anarta, kamar yadda "to" ɗin Bahaushe ke zama yarda ko gargaɗi ko sallama gwargwadon inda aka faɗe ta.

Nintendo, kamfanin da ke da Mario, ya fitar da wasan a iPhone ranar 15 ga Disamba 2016, ya iso Android a Maris 2017. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario tun asali, ya bayyana a hirarraki cewa sun lura da gwanayen da ke gasar gama Mario cikin sauri, suka ga ba sa ɗaga yatsa daga kan gudu ko kaɗan. Wato gwani a tsohon Mario ma kusan wasan da kake raina wa yake bugawa, gaba kawai yake yi, gwanintarsa duka tana wurin tsalle. Kuma dubi yadda suka tsara sikirin: a tsaye ake riƙe wayar da hannu ɗaya, wasan yana sama, ƙasan an bar shi kusan fili don yatsa ya sami wurin sauka ba tare da ya rufe komai ba. Wannan ba aikin malalaci ba ne.

Rayman Jungle Run na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2012, shi ya fi burge ni wajen koyarwa. Matakan farko tsalle kaɗai ake yi. Sai a ƙara maka shawagi a iska idan ka riƙe, sai gudu a jikin bango, sai can daga baya a ba ka maɓalli na biyu na naushi, lokacin da hannunka ya riga ya zauna. Kowane mataki gajere ne, da ɗigon haske ɗari da za ka tara, kuma an jera su ne a kan layin da ya kamata tsallenka ya bi. Idan ka bi su daidai za ka ji wasan yana tafiya kamar kiɗan da aka saita.

Akwai wata matsala a nan da sai wanda ya zauna ƙira yake cin karo da ita. Idan gajeriyar taɓawa ƙaramin tsalle ce, doguwa kuma babba, ta yaya wasan zai san wadda kake nufi a lokacin da yatsanka ya sauka? Ba zai sani ba, tunda ba ka ɗaga ba tukuna. A wasana na farko, wani yaro da ke gudu a kan katangu, na yi abin da ya zo mini a sauƙaƙe: na sa wasan ya jira sai an ɗaga yatsa, ya auna tsawon riƙon, sannan ya yi tsallen da ya dace. A kwamfutata ban ga aibu ba, don hannuna ya saba da shi. Na ba ɗan yayata ya gwada a waya, bai yi minti biyu ba ya miƙo mini ya ce, "Kawu, wannan yaron naka kurma ne." Ya yi gaskiya. Hanyar da ta dace ita ce a fara babban tsalle nan take da yatsa ya sauka, idan an ɗaga da wuri sai a yanke masa ƙarfi ya fara saukowa. Mai wasa yana ganin kamar wasan ya karanci zuciyarsa, alhali farawa aka yi aka gyara a hanya. Har yanzu ina cin karo da wasannin kyauta masu wannan kurumtar, kuma babu wayar da za ta warkar da su.

Jan yatsa, irin na Subway Surfers da Temple Run, yana da nasa jinkirin da ba ya cirewa. Kafin waya ta ce wannan ja ne zuwa sama ba dangwalawa ba, dole yatsa ya yi 'yar tafiya a kan gilashi. Shi ya sa waɗannan wasanni ke nuno maka jirgi ko shinge tun daga nesa, kuma Subway Surfers ya taƙaita hanya zuwa layi uku. Ba za a iya neman tsallen da ke buƙatar saiti daidai wa daida ta hanyar jan yatsa ba. Karkata wayar da ake yi a Temple Run don tara kuɗi kuwa, ni dai ban taɓa son sa ba, domin kana karkata abin da kake kallo, kuma a cikin mota ko a kwance ba ya yiwuwa.

Tsakanin yatsanka da tsallen

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Lokacin da ka taɓa gilashi, saƙon ba ya isa nan take, zango-zango yake bi. A ƙarƙashin gilashin akwai siririn raga na lantarki da ke jin canjin da fatar yatsa ke kawowa, kuma waya tana leƙa ragar ne sau da yawa a sakan guda, wata sau 120, wata 240, wayoyin da aka yi don gem fiye da haka. Daga nan manhajar waya ta karɓa ta miƙa wa wasan. Wasan ba ya dubawa sai zagayensa na gaba ya zo. Sai ya lissafa, a zana sabon hoto, sikirin ya nuna. Idan wasan yana nuna hoto 60 a sakan, kowane hoto yana cin milisakan 16 da 'yan kai, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Idan ya faɗo zuwa hoto 30, kowanne ya koma 33. Ka tara zangunan nan, a wayoyi da yawa jimlar tana kaiwa milisakan 50 zuwa 100.

Kamar ba komai ba ne, amma yi lissafi. A ce ɗan wasa yana cin tsawon jikinsa sau goma a sakan ɗaya. Jinkirin milisakan 100 yana nufin tsakanin taɓawarka da tsallen ya riga ya yi gaba da tsawon jikinsa guda. Idan ka jira sai ƙafarsa ta kai bakin rami, to a lissafin wasan ya riga ya wuce bakin. Rantsuwarka ba ta ƙarya ba ce, ka taɓa a kan lokacin da idonka ya gani, sai dai abin da idonka ya gani ɗin tsohon labari ne.

Ga kuma jikin ɗan Adam. Daga ganin abu ba zato zuwa motsa yatsa, mutum yakan ci kusan rubu'in sakan. Saboda haka babu wanda ke buga waɗannan wasanni da martani zalla, hasashe ake yi. Ido yana kan abin da ke tafe, ƙwaƙwalwa tana lissafa lokacin isowa, yatsa ya sauka kafin lokacin. Wannan ne ya sa jinkirin da ba ya canjawa ba shi da illa sosai, cikin 'yan mintuna hannu yake haɗiye shi ba ka ma sani ba, kamar direban da ya san birkin motarsa sai an taka da wuri. Mai kisa shi ne jinkirin da ke hawa yana sauka, yanzu milisakan 60, an jima 120, sannan wayar ta ɗan cije ta saki. Wannan babu hannun da zai koye shi. Idan za ka riƙe abu ɗaya daga amsar tambaya ta biyu, riƙe wannan bambanci, don shi ke raba laifin yatsa da laifin waya.

Masu ƙira na kirki sun san da jinkirin, kuma suna rufa maka asiri ta hanyoyin da ba ka gani. Ɗaya ni nake kiranta rancen ƙasa: bayan ɗan wasa ya bar bakin rami, wasan yana ci gaba da ɗaukarsa kamar yana kan ƙasa na ɗan ƙanƙanin lokaci, idan ka taɓa a ciki sai a ba ka tsallen. Ta biyu ajiyar dannawa: idan ka taɓa kafin ya gama sauka, ba a zubar da taɓawar, ana riƙe ta, ƙafarsa na taɓa ƙasa a cika maka. Ta uku, jikin da wasan ke lissafi da shi yakan fi wanda aka zana ƙanƙanta, shi ya sa wani lokaci ƙaya ke shafar hular ɗan wasa bai mutu ba. A nawa wasan, da na ba da rancen hoto shida, wato kamar milisakan 100, ɗaliban da ke gwadawa suka daina cewa wasan yana cuta, kuma ko ɗaya bai lura an canja wani abu ba. Cewa suka yi hannunsu ne ya faɗa. Na bar su a haka.

Super Mario Run ya kai wannan sassauci nesa. Mario da kansa yake haure ƙananan maƙiya da ƙananan ramuka, akwai tubalan da ke tsayar da shi ka numfasa ka duba gaba, idan ka faɗa kuma kumfa ta ɗauko ka ta mayar da kai baya ka sake. Geometry Dash ya bi akasin haka, kuskure ɗaya ka koma farko, har yana ƙirga maka yawan gwajin da ka yi a fuskar sikirin. Abin da ya sa ake jure masa shi ne ba ya ɓata maka lokaci wajen sake farawa, matakin ba ya canjawa, kuma an ɗaura tsalle-tsallen a kan kiɗa. Hadda ce da bin kari. Yana da wurin atisaye inda ake ajiye maka alama a hanya don kada ka riƙa komawa farko, kuma wanda ya ƙi amfani da shi wahalar da kansa kawai yake yi. A wannan wasan ka kula da abin saurare na Bluetooth, domin yana makarar da sauti, wani har fiye da milisakan 100. Idan kunnenka ke ba yatsanka lokaci, to kana bin kiɗan da ya riga ya wuce. Sa mai igiya, ko ka bar lasifikar wayar.

Yadda za ka kama mai laifi

Ba na riƙe da wayarka, don haka ba zan yanke mata hukunci daga nan ba, amma ga yadda nake bi idan aka kawo mini irin wannan ƙara. Fara da lura da inda kake mutuwa. Idan wuri ɗaya ne kullum, kuma kullum a makare, to saiti ne na hannu, matso da taɓawarka baya kaɗan, ka kuma ɗauke ido daga kan ɗan wasan ka mayar gabansa. Sababbi suna kallon mai gudu, gwanaye suna kallon hanya. Rage kuma nisan yatsa da gilashi, wasu suna ɗaga shi sama kamar za su kashe sauro. Idan kuwa mutuwar ba ta da tsari, yanzu ka wuce wuri cikin sauƙi an jima ka faɗi a nan ba dalili, sai a tuhumi waya.

A wayar ma, zafi nake fara tuhuma. Idan ƙwaƙwalwar waya ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta lalace, hotuna su fara tsallake juna. A watan Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, wayar da ke cikin robar kariya mai kauri ba ta daɗewa kafin ta kai nan. Alamarsa ita ce wasan yana tafiya lafiya a farko, bayan minti goma ko sha biyar ya fara cijewa. Cire robar, rage hasken sikirin, ka daina wasa tana caji. Cajin ma yana da illa ta biyu: cajar da ba ta da inganci tana shigo da hayaniyar lantarki da ke rikita ragar taɓawa, har waya ta riƙa danna abin da ba ka danna ba ko ta ƙi jin wanda ka danna. Gwajin wannan sauƙi gare shi, zare cajar ka sake bugawa.

Sai yanayin tanadin batir, wanda ke rage ƙarfin waya da gangan, a kashe shi lokacin wasa. Sai gilashin kariya mai kauri ko wanda iska ta shiga ƙarƙashinsa. Sai fatar yatsa ita kanta: da hunturu idan ta bushe ta yi kaushi, gilashi ba ya jinta sosai, da bazara kuma gumi yana sa shi jin abin da babu. A wayoyin Android da ake komawa baya ta hanyar jan yatsa daga gefe, tsarin da ya zo da Android 10 a 2019, jan da ya fara daga bakin sikirin yakan tafi wurin waya maimakon wasa, don haka ka riƙa wasa a tsakiya. Wasannin kyauta kuma suna loda talla a ɓoye ana cikin gudu, wannan ma yana kawo cijewa. Kashe data yana maganinsa a wasannin da suka yarda, amma Super Mario Run ba ya cikinsu, shi sai da intanet yake tashi, abin da ya jawo wa Nintendo ƙorafi tun ranar farko.

Idan kana son ka gani da idonka, in wayarka Android ce, shiga saitinta ka nemi Build number ka taɓa shi sau bakwai, Developer options zai buɗe, a ciki ka kunna Pointer location. Duk inda yatsa ya bi zai bar layi. Ja layuka a hankali ko'ina a sikirin. Inda layin ya yanke, wurin ya mutu ko yana shirin mutuwa, inda ɗigo ya fito ba ka taɓa ba, akwai matsalar caja ko ta gilashin. Wannan gwajin na sha kama wayoyin da aka canja musu sikirin da mai araha da shi. Hoton yana fita fes, amma taɓawar ta yi nauyi, mai wayar kuma ba ya ganewa a WhatsApp sai ya zo wasan da ke neman gaggawa. Wanda ke son auna jinkirin kansa, ya sami wata wayar mai ɗaukar bidiyo a hankali, hoto 240 a sakan, ya ɗauki yatsansa da sikirin tare, ya ƙirga hotuna daga saukar yatsa zuwa tashin ɗan wasa. Kowane hoto kusan milisakan 4 ne. Na yi haka da wayoyin ɗalibaina kaɗan, ba da yawan da zan ce wane kamfani ya fi wane ba, amma ya ishe ni in ga cewa waya ɗaya tana ba da lissafi biyu, ɗaya tana sanyi, ɗaya ta yi zafi.

Abin da aka rasa da gaske

Ban ce ba ka yi asarar komai ba. A tsohon Mario kana iya tsayawa ka yi tunani, ka koma baya ka leƙa bututun da ka wuce, ka ja da baya ka ɗauko gudu kafin babban rami. Kai ke da ragamar saurin. Wannan yawon da ganin dama sun tafi, kuma wanda su ne daɗin wasa a wurinsa ba zai same su a nan ba komai kyan ƙira. Akwai kuma koke na gaskiya cewa matakai masu wuya suna komawa hadda, ka mutu sau talatin har hannu ya riƙe, wanda wasu ke ganin ba gwaninta ba ce, juriya ce. Lokacin da aka fitar da Super Meat Boy Forever a 2020 da wannan salo na gudu da kai, masoyan na farkon da yawa sun yi irin ƙorafinka, duk da cewa wasan bai rage wuya ba. Idan irin tsohon Mario kake marmari, nemi hannun gem mai Bluetooth ko mai igiya ka haɗa da wayar, ka buga wasannin da suka karɓe shi. Ya fi maka zanannun maɓallai nesa ba kusa ba.

Amma kafin ka ajiye Super Mario Run a matsayin wasan yara, yi mini gwaji ɗaya, ba sai ka biya dala goman da suke nema don buɗe sauran ba, tunda matakai ukun farko kyauta ne. A kowane mataki akwai sulalla biyar masu ruwan hoda. Tara su duka a gudu ɗaya. Idan ka yi, za a ba ka biyar masu ruwan shuni a wurare mafi wuya, bayansu kuma baƙaƙe biyar, kuma ana ɗan sauya tsarin matakin kowane karo. Zare caja, cire robar wayar, ka zauna a inuwa. Idan ka tara baƙaƙen nan na mataki na uku, rubuto mini ka gaya mini sau nawa ka gwada.